Ko Fentinsa Ban Taɓa Ba

Wata bakwai na yi ina maimaita wa kaina magana ɗaya: ai ko fentinsa ban taɓa ba. Kuma ba ƙarya nake yi ba. Da za a kawo motar da na tuƙa ranar, a zagaye ta da tocila tun daga bamba har ƙarshen bodi, ba za a samu ƙwarzane ko ɗaya ba. Da wannan magana nake cin tuwo, da ita nake tsayawa a sahu, da ita nake kwanciya. Barci ne kawai ba ta taɓa sa ni ba.

Ni direba ne, ɗan ƙasar Kura. Mahaifina manomi ne a Kadawa, cikin gonakin da ruwan dam ɗin Tiga yake shayarwa, shinkafa da damina, tumatir da rani. Boko bai karɓe ni ba, don haka ina ɗan shekara goma sha biyar aka damƙa ni hannun wani aminin babanmu na zama yaron motarsa. Motar tsohuwar Fijo ce a-kori-kura, irin haɗin Kaduna, ƙofar gefena da igiya ake ɗaure ta. A bayan bodi an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa". 'Yan tasha suna yi mana tsiya, wai ko ba a rubuta ba kowa ya gani da idonsa.

Aikinmu lodin tumatir daga Kwanar Gafan zuwa 'Yankaba. Shekara shida na yi tare da mutumin nan, Allah Ya jiƙansa, ban taɓa jin ashar ta fito daga bakinsa ba. Wata rana wajen Na'ibawa wani mai bas ya sha gabanmu, ya leƙo ya ɗura masa zagi ta uwa ta uba. Maigida ya ce "madalla", ya ɓalli goro ya jefa a baki. Ni kuwa jikina har rawa yake.

"Baba, kana ji fa yana zagin ka."

"Na ji. Kwando nawa ne a baya?"

"Ashirin da huɗu."

"Na mutum nawa?"

"Bakwai."

"To in na taka birkin fushi, tumatirin mutum bakwai zai zama miya a kan kwalta. Shi mai zagin, kwando nawa zai biya?"

Na yi shiru, amma a raina na ce wannan tsoro ne kawai aka yi wa rawani.

Bayan na samu lasin na yi shekaru ina jan motocin mutane ina kai balas, har Allah Ya kawo wani ɗan'uwan matata ya yi min hanya a wani kamfanin gine-gine. Albashi duk wata, da kuɗin kwana in an yi tafiya. Aka miƙo min makullin Hilux fara, mai kujeru gaba da baya, baƙin gilashi, da ƙaton ƙarfe da aka yi mata walda a gaba. A ƙarƙashin sitiyari akwai wani ɗan maɓalli. Wanda na gada ya nuna min shi yana murmushi, ya ce jiniya ce, in goslo ya yi yawa. Doka ba ta ba irinmu izinin jiniya ba, ni na sani, shi ma ya sani. Ba wanda ya ce a cire.

Wanda bai taɓa hawa irin motar nan ba zai yi wuya ya gane abin da take yi wa mutum. Kana zaune a sama, rufin ƙananan motoci kake kallo. Nauyinka ya kusa tan biyu, na Golf bai fi ɗaya da 'yar ɗoriya ba. Fitilarka daidai madubin na gabanka take, in ka kunna masa ita da daddare ka makantar da shi. Ramin da kowa yake lallaɓawa, kai kana bi ta kansa ba ka ji ba. Sannan uwa uba, a ƙasar nan farar Hilux mai baƙin gilashi ba a san ko wane ne a ciki ba. Ko jami'an tsaro ne, ko 'yan rakiyar wani babba, ko yaran ɗan siyasa. Mutane ba sa tsayawa bincike, kaucewa suke. A shingen hanya sau da yawa hannu kawai ake ɗaga min. Ni da nake karɓar albashin da ba ya kai ni ƙarshen wata, sai ga shi mai Marsandi yana sauka gefe don in wuce.

Wata uku ban cika ba na fara ganin wannan kaucewar haƙƙina ce. Duk wanda bai matsa ba ya ci min mutunci. Na koyi liƙe wa mutum a baya har in daina ganin lambarsa. Na koyi yanke mutum in taɓa birki kaɗan, don ya ji yadda zuciya take tsinkewa. 'Yan Adaidaita Sahu kuwa ban ɗauke su masu hanya ba sam. Kuma ba ni kaɗai ba ne. In mun haɗu a wajen mai shayi, mu direbobin kamfanoni da na ma'aikatu, hirar ke nan: wane ya shiga Kaduna daga Kano cikin awa kaza, wane ya tura wata homa cikin ciyawa. A 2017 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ce za a riƙa tura masu tuƙin ganganci asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu, mun sha dariya har da ƙwalla. Muka ce mahaukata ai su ne masu tafiya kamar hawainiya a tsakiyar titi.

Mutane suna son su ce ƙwaya ce. In an ga direba yana hauka a hanya sai a ce taramol ne ko kodin. Akwai masu sha, ba musu. Amma ni ko taba ban taɓa sa wa a bakina ba, daga goro sai shayi. Da hankalina garau nake yin abin da nake yi, ina jin karatun Alƙur'ani a rediyon motar ma wani lokacin. Uwar 'ya'yana ce ta fara faɗa min. Ta ce, "Malam, in ka dawo daga hanya sai ka yi awa guda kafin ka zama mutum." Na ce mata gajiya ce. Ta ce da can ma ai kana gajiya.

Ranar da abin ya faru lokacin hunturu ne, ana tsakiyar aikin hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara a 2018. Duk wanda ya bi hanyar a shekarun nan ya san yadda take: a rufe hannu ɗaya, a tattara masu zuwa da masu dawowa a kan ɗaya, ga ƙura, ga hazo, ga tireloli. Na taso daga Zariya bayan azahar ni kaɗai. Na wuce Tashar Yari, kafin Kwanar Dangora na tarar da wata tirela tana jan jiki, bayanta wata Golf ta haya shaƙe da mutane, biyu a gaba huɗu a baya, but ɗinta a buɗe an ɗaure kaya da igiya.

Na yi masa fitila. Bai matsa ba. Na danna hon. Bai matsa ba. Yanzu in na tuna, ina zai matsa? Gabansa tirela, hagunsa motoci na tahowa, damansa gefen kwalta ya zaizaye ya zama gangare. Amma a lokacin ban ga duk wannan ba, ƙeyar mutumin da ya raina ni kawai nake gani. Na kunna jiniya. Sai ga hannu ya fito ta taga, yatsu biyar a ware. Daƙuwa.

Wallahi na ji ta kamar mari. Mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba, kuma na yi amfani da wannan na ba kaina hujja daga baya, amma gaskiya ko tana raye abin da zan yi ke nan. Hanya na buɗewa ya wuce tirelar, na bi shi. Ya taka, na taka. Ina Golf mai mutum bakwai da kaya za ta tsere wa Hilux da babu komai a bayanta? Na liƙe masa, allura ta haura 120. A wannan gudun, kafin ka ƙifta ido sau ɗaya, cikin daƙiƙa guda, mota ta ci mita talatin da uku, ni kuwa tsakanina da shi bai kai tsawon tabarma biyu ba. Ina ganin wata mata a kujerar baya ta waiwayo tana ɗaga min hannu biyu. Na gan ta sarai.

Na fita ta hagunsa, na jera da shi, na sauke gilashi na rama zagin har da riba. Sannan na yi abin da na saba: na yanko gabansa na taɓa birki.

Ya kauce dama don kada ya dake ni. Tayarsa ta sauka daga kwalta. A madubi na ga motar ta yi wani irin tsalle, ta juya, ƙura ta tashi ta rufe komai, wani buhu ya yi sama. Ƙafata ta ɗaga daga totur kamar na daƙiƙa biyu. Sai na mayar da ita.

Na shiga Kano kafin la'asar ta yi sanyi. Abin da aka aiko ni da shi bokitin fenti biyu ne, za a nuna wa mai gini ya zaɓi launi. Maigadi ya ce min Alhaji ya yi tafiya tun safe, sai jibi. Na ajiye su a ɗakin maigadin. Na zagaya motar ina dubawa, a nan ne na fara faɗar maganar nan: ko fentinsa ban taɓa ba.

Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da bin hanyar, sau biyu wani lokacin sau uku a mako. Kwana biyu gawar Golf ɗin tana gefen hanya rufinta a lotse, rana ta uku aka janye ta. In na zo wurin sai in ƙara sautin rediyo. Mako uku bayan nan na tsaya shan shayi a Kwanar Dangora, ba don ina so ba, ƙafata ce ta taka birki da kanta. Ina zaune a benci wani yake ba da labari, wai wani ɗan iska mai Hilux ne ya matse su, ba a ga lambarsa ba saboda ƙura. Mai shayi ya ce, "Allah Ya isa dai." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin, kofi na hannuna, motata tana fake a gabansu. A nan na ji cewa ba wanda ya mutu, amma direban ya karye a kafaɗa, wani dattijo kuma ƙugunsa ya tashi aiki.

Ba a mutu ba. Na riƙe wannan ma, na haɗa da ta fenti. Amma abinci ya daina shiga. Na rame har ana tambayar matata ko ciwon suga ne. Da azumi ya zo, daren farko na tahajjud, liman yana addu'ar Allah Ya bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, mutane suna amin suna kuka, ni bakina ya ƙi buɗewa. Ka tsaya a sahu ana roƙon Allah a kanka, kuma ana jiran ka ce amin.

Bayan sallah na je wajen malamin unguwarmu, wanda ya ɗaura min aure. Na faɗa masa komai, na ƙare da cewa amma fa Malam ban taɓa motarsa ba. Ya dube ni ya ce, "Wanda ya haƙa rami a kan hanyar mutane, makaho ya faɗa, shi ma bai taɓa makahon ba." Ya karanto min hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ba mai kayar da mutane a kokawa ne mai ƙarfi ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Na san hadisin tun ina makarantar allo. Ya kuma ambaci wanda aka ce in fushi ya kama mutum yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta. Na ce Malam, mu direbobi ai a zaune fushin yake samun mu. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To ka faka ka sauka." Sannan ya ce istigfari na tsakanina da Allah ne, amma haƙƙin mutane sai na je na same su, ko da abin zai kai ni gaban alƙali.

Neman direban bai yi wuya ba. Duniyar tasha ƙarama ce, ɗan kamasho ɗaya a Unguwa Uku na tambaya, kafin yamma an nuna min shi. Yaro ne, bai kai talatin ba, yana lodi wa wasu saboda ba shi da mota, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka. Golf ɗin ba tasa ba ce, balas yake kaiwa, mai motar kuma ya ɗora masa rabin asarar. Da na faɗa masa ko ni wane ne, bai ce komai ba sai da ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, sannan ya shaƙe ni. Ban ɗaga hannu ba. Dattawan tasha ne suka ɓamɓare shi. Aka shiga ofishin ƙungiya, aka zauna, wasu suka ce a kira 'yan sanda, na ce a kira. Shugabansu ya ce mutumin da ya kawo kansa bayan wata bakwai ba guduwa zai yi ba. Aka yi lissafi, aka rubuta takarda, na sa hannu zan biya kashi-kashi. Na sayar da filin da na saya a bayan gari, na yi shekara biyu da wata huɗu ina biyan ragowar. Duk ƙarshen wata in na kawo, zai ƙirga a gabana ya sa a aljihu ya juya. Bai taɓa amsa sallamata ba, har yau. Sau ɗaya kawai ya yi min magana, ya ce, "Ni na yi maka daƙuwa, na sani. Su fasinjan me suka yi maka?" Ban ga laifinsa ba, kuma ban nemi ya yafe ba bayan karo na farko, don na lura roƙon ma wani nauyi ne nake ƙara ɗora masa.

Matar da ta ɗaga min hannu ban same ta ba. An ce ta ji rauni a goshi, 'yan'uwanta suka wuce da ita, ba wanda ya san garinsu. Ita ce nake gani in na rufe ido.

Dattijon a wani ƙauye yake a ƙasar Bebeji. Ranar daga Zariya yake, ya je sunan jikarsa. An ce a kai shi asibitin ƙashi na Dala a yi aiki, kuɗin ya fi ƙarfinsu, suka koma wajen mai ɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace. Na same shi a zaure kan tabarma, sanda biyu a gefensa, yana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. 'Ya'yansa maza biyu suka miƙe. Ya ɗaga musu hannu.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Yaro, tun da na kwanta nake son in tambayi mai motar nan abu ɗaya. Na ce ko mara lafiya ya ɗauko, ko mai naƙuda. Me ka ɗauko?"

Na ce, "Fenti ne, Baba."

"Fenti."

"Bokiti biyu."

Ya ɓare gyaɗa ɗaya, ya hure ɓawon. "Wane launi?"

Na ce ɗaya fari, ɗaya ruwan madara. Sai ya fara dariya, irin wadda ba sauti sai kafaɗa ke motsi, har hawaye ya zubo masa, ni kuma na kifa kaina a ƙasa ina kuka kamar yaron goye. A wannan zauren ne maganar maigidana ta dawo min, ta kwando ashirin da huɗu. Shi kullum yana tuƙi da dukiyar mutum bakwai a wuyansa. Ni na yi shekaru ina jan motar da bayanta fayau, ba abin da zai fashe in na yi hauka, sai na wasu. Ko makanikai za su gaya maka a-kori-kurar da ba kaya bayanta ba ya kama ƙasa, shi ya sa tsofaffin direbobi suke jefa buhun yashi a bodi.

Da ya gama dariyar ya ce, "Ni dai na yafe nawa, don ina son a yafe min. Amma gona ba ta san yafiya ba. Bana yaran nan su kaɗai suka yi noma, amfanin ma a ka suka ɗauko shi." Na ce in Allah Ya yarda ɗauko amfani ya zama nawa. Babban ɗansa bai yarda da ni ba sai da kaka ta zagayo ya gan ni a bakin gona da asuba.

Na ajiye aikin kamfanin. Ba korata aka yi ba, na dai san kaina, ban amince wa hannuna da wancan maɓallin ba. Na samu wata tsohuwar a-kori-kura ta wani ɗan kasuwa a Dawanau ina jan hatsi, da rani in koma tumatir. Kuɗin bai kai na da ba. Fushin ma bai mutu ba, kada wani ya ɗauka na zama waliyyi. Satin da ya wuce wani mai Hilux ya liƙe min a hanyar Katsina yana min fitila, na ji wuyana ya ɗau zafi, ƙafata tana neman birki don in koya masa hankali. Na sauka gefe, na kashe mota, na fito na zagaya ina taɓa igiyoyin kaya kamar wani abu ya kwance, har numfashina ya dawo.

Kaka biyar ke nan ina zuwa ƙauyen nan. In an gama lodin dawa da gyaɗa, 'ya'yansa su ɗaga shi su sa a gaba, sandunansa a tsakanin ƙafafunsa, mu nufi kasuwa. Allurar gudun motar ta mutu tun kafin a ba ni ita, amma shi ba ya buƙatar ta. Da ya ji injin ya ɗan canja murya sai ya gyara zama, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce:

"Yaro, fenti ka ɗauko?"